Tarin Fuka da Ƴan Makaranta: Daga Balin Zuwa Yekuwa

Darasinmu na yau na tarihi ne, tarihin wata cuta da kowa ya san sunanta, wato tarin fuka. A ƙasar Damagaram za ka ji ana cewa tarin huka. Waɗanda suka yi zaman Kano sukan ce tibi. Larabawa suna kiranta sillu. Duk abu ɗaya ne.

Ku lura da wani abu tun daga fari. Akwai wata cutar da ita ma wasu ke ce mata fuka, wadda ke toshe numfashi ta sa ƙirji kuka. Wannan ita ce asma, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Wanda muke magana a kansa shi ne tarin da ke daɗewa, ya ramar da mutum, ya sa shi zufa da dare, wani lokaci har ya yi kakin jini.

Za mu ɗauki misali da Yekuwa, cikin gundumar Magarya, kusa da iyakar Nijeriya, da kuma ƙasar Dungas wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Amma maganar ta shafi kowane gari. Tambayar da muke so ka riƙe a zuciyarka ita ce: ɗanka ko ƴarka mai shekara 15 ko 17, me ya sani game da wannan tari? In kuma ya sani, kana sauraronsa?

Tarin fuka tsohuwar cuta ce ƙwarai. An sami alamunsa a ƙashin bayan gawawwakin mutanen Masar da suka mutu kimanin shekara 3000 da suka wuce. Babban likitan nan na Musulunci, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta cewa ana ɗaukar wannan cuta daga mutum zuwa mutum. Amma maganarsa ba ta zauna ko'ina ba. Shekaru ɗaruruwa bayansa, yawancin likitocin Ingila da Faransa suna cewa gado ne. Sun ga uwa ta mutu da tari, ƴarta ta bi ta, ƙanin ƴar ya bi ta. Sai suka ce ai a jinin gidan yake. Kun ji fa, daidai da abin da ake faɗa a wasu gidajenmu har gobe. Ba su lura da cewa mutanen nan ɗaki ɗaya suke kwana ba.

A 1816 wani likitan Faransa mai suna Layanek ya ƙirƙiro abin nan da likita ke sa wa a kunne ya saurari ƙirji. Ya saurari ƙirjin masu tari da yawa. Shi ma tarin ne ya kashe shi a 1826, yana da shekara 45. A 1865 wani likitan soja, shi ma Bafaranshe, sunansa Bilman, ya ɗebi abin da ke cikin huhun wanda tarin ya kashe, ya sa wa zomaye. Zomayen suka kamu. To, zomo dai ba ya gadon ɗan Adam. Duk da haka manyan likitoci da yawa suka ƙi yarda.

Sai ranar 24 ga Maris 1882. A birnin Balin na ƙasar Jamus, wani likita mai suna Robat Kok ya tara masana ya nuna masu ƙwayar cutar kanta. Ƴar mitsitsiya ce, siffarta kamar guntun tsinke. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita mai girmama abu, kuma sai an rina ta. Kok ya gaya masu cewa a zamanin nan, cikin kowane mutum bakwai da suka mutu, ɗaya wannan tari ne ya kashe shi. Saboda wannan rana ce duniya ta keɓe 24 ga Maris ta kowace shekara don tunawa da yaƙi da tarin fuka.

An ga ɓarawo ke nan, amma babu igiyar ɗaure shi. Daga ranar da Kok ya nuna ƙwayar har zuwa ranar da aka sami magani, an yi shekara fiye da 60. A cikin waɗannan shekaru mai kuɗi yakan tafi wani gidan jinya a kan tudu, ya kwanta, ya ci mai kyau, ya sha iska. Wani ya tashi, wani ya mutu. Talaka kuwa yana ɗakinsa da iyalinsa.

To, me za a yi in babu magani? Abu ɗaya ya rage: a koya wa mutane yadda cutar ke tafiya, don su tare mata hanya. A nan ne ƴan makaranta suka shigo cikin tarihin.

Hukumomin waɗancan ƙasashe sun gane wani abu da kowane malami ya sani. Babba yana da wuyar canja hali. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma yaro kullum yana komawa gida da yamma, ya shiga ɗakin da likita ba zai taɓa shiga ba.

A 1904 wani ma'aikacin gidan waya a ƙasar Danmak ya kawo shawarar a buga wani tambur na musamman, wato kan sarki, a riƙa sayarwa a ƙarshen shekara don a taimaki yara masu tarin fuka. Dabarar ta yaɗu. A Amurka, daga 1915, ƙungiyar yaƙi da tarin fuka ta raba wa ƴan makaranta wata takarda mai layi-layi. Kowace rana yaro zai sa alama in ya wanke hannu, in ya yi wasa a fili, in ya kwana taga a buɗe. Wanda ya cika takardarsa a ba shi lambar yabo. Miliyoyin yara suka shiga. A Faransa, a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, wata ƙungiyar Amurkawa ta gidan Rokafela ta riƙa zagaya garuruwa da motoci, da majigi, da wasan ƴan tsana, tana tara yaran makaranta tana nuna masu yadda tari ke yaɗuwa. Daga 1927 kuma yaran makarantun Faransa suka riƙa bi gida-gida suna sayar da tambur na yaƙi da tarin fuka. Kuɗi suke tarawa, amma duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa sun bar magana a wurin.

Me aka koya wa yaran nan? Kada a tofa kaki a ƙasa. A rufe baki in za a yi tari. A buɗe taga. A bar rana ta shiga ɗaki. A tafasa madara. Duk waɗannan daidai ne har yau. Amma a ganina akwai inda koyarwar ta yi illa. An tsoratar da mutane fiye da kima, har suka riƙa gudun mai tari kamar kura. Wanda ake gudu kuwa ɓoye cutarsa yake yi. Za mu dawo kan wannan.

A wannan lokaci yaya ake ciki a nan ƙasarmu? Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma nan ne hedkwatarsu ta zauna kafin a mai da ita Yamai a 1926. Makarantun boko ƴan kaɗan ne, yawanci a manyan garuruwa. Saboda haka waccan hanya da ilmin tari ya bi ya shiga gidajen Turai, wato ta hannun ɗan makaranta, babu ita a ƙauyukan Magarya. Hanyar da cutar ke bi kuwa a buɗe take. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko an kwashi samari daga ƙasashen Afirka ta Yamma aka kai su Faransa aikin soja. Turawa na kiransu ƴan Sanagal duka, ko daga ina suka fito. Wani likita mai suna Borel ya gwada su a barikin garin Farejus, ya buga sakamakon a 1920. Ya ga cewa lokacin da suka sauka, kaɗan ƙwarai daga cikinsu ne suka taɓa haɗuwa da ƙwayar tarin. Bayan sun zauna a cunkushe cikin bariki da sanyi, sai tarin ya riƙa kama su da ƙarfi, yana kashewa da sauri.

Kada a ɗauka Turawa ne suka fara kawo cutar ƙasashenmu. A 1968 masu bincike a Dakar sun gano wani jinsin ƙwayar tarin da ya zauna a Afirka ta Yamma tun da daɗewa. Abin da zamani ya ƙara mata shi ne wurin yaɗuwa: bariki, gidan kaso, ramin haƙar ma'adini, da ɗakunan haya na birni. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, ƙafar mutanen Magarya ba ta ɗauke daga hanyar kudu ba.

Yanzu bari mu duba tabon nan da ke hannun ƴaƴanku, wataƙila da naku. Wasu masana biyu na Faransa, Kalmet da Geran, su suka yi wannan rigakafi. Sun ɗauki ƙwayar tarin shanu, don shanu ma suna yin nasu. Suka riƙa renonta a kan dankalin Turawa da aka jiƙa da ruwan matsarmamar sa. In ta tsiro su ɗebe ta su sake shukawa. Sun yi haka sau 230, cikin shekara 13, har ƙwayar ta rasa ƙarfin sa cuta. A 1921 aka fara ba wani jariri a Paris. Sunan allurar BCG, haruffan ƙarshe biyu na sunayensu ne. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin rigakafin da ya kamata a yi wa kowane yaro, kuma a cikin shekarun 1980 Nijar ta kafa nata babban shirin rigakafi.

Ku saurara da kyau a nan, don a nan ne iyaye da yawa ke yin kuskure. Allurar BCG tana da amfani babba. Tana tsare ƙaramin yaro daga mugun nau'in cutar, wanda ke hawa ƙwaƙwalwa kamar sanƙarau, ko ya watsu cikin jiki duka. Duk jaririn da aka haifa a kai shi a yi masa. Amma ba ta da tabbas wajen tsare saurayi ko babba daga tarin huhu. Wanda ke da tabo a hannu yana iya kamuwa in ya girma.

Magani na fari ya fito a 1943, a Amurka. Wanda ya gano shi ɗalibi ne ɗan shekara 23, sunansa Albat Shats, yana aiki a ƙarƙashin malaminsa Wakasman. Daga wata halitta ta cikin ƙasa ya samo shi. Sunan maganin streptomycin, allura ce. A ƙarshen 1944 aka yi wa wata budurwa ƴar shekara 21 da tarin ya kusa kashewa, ta tashi.

Sai likitocin Ingila suka ce bari a gwada shi da lissafi. Suka ɗauki majinyata 107, dukansu matasa, daga shekara 15 zuwa 30. Aka yi wa 55 allura, 52 kuma aka bar su da kwanciya kawai, don maganin bai isa kowa ba. Bayan wata shida, mutum 4 suka mutu cikin masu allura, 14 cikin sauran. An buga wannan a 1948, duniya ta yi murna. Amma da aka ci gaba da bin mutanen, bayan shekara biyar sai aka ga mutuwar ɓangarorin biyu ta kusa zama ɗaya. Me ya faru? Ƙwayoyin cutar suna da yawa a huhu, miliyoyi. Magani ɗaya ya kashe mafi yawansu. Ƴan kaɗan masu taurin kai suka tsira, suka hayayyafa, maganin ya daina yi masu komai.

Kowane manomi zai gane wannan. In ka yi noman fari ka bar gona ba maimai, ciyawar da ta tsira ita za ta cinye hatsin. Daga nan likitoci suka koyi dokoki biyu. Ba a yaƙar tarin fuka da magani ɗaya. Kuma ba a tsayawa a tsakiyar hanya. A 1952 aka sami isoniazid, a cikin shekarun 1960 aka sami rifampicin. Da aka haɗa su da wasu, sai jinyar da ke cin shekara ɗaya da rabi ko biyu ta dawo wata shida.

Akwai wani gwajin da ya shafe mu ƙwarai. An fara shi a 1956 a birnin Madaras na Indiya, wanda yanzu ake kira Cennai. Mutanen talakawa ne masu kwana a cunkushe. Aka kwantar da rabinsu a gidan jinya shekara guda, rabi kuma aka ba su magani suna gida. Warkewarsu ta zo kusan ɗaya. Kuma iyalan waɗanda suka zauna gida ba su fi sauran kamuwa ba. Ma'anar wannan ita ce, haɗarin mai tari yana kafin ya fara shan magani. Da zarar ya kama magani sosai, cikin ƴan makonni ya daina zama haɗari ga mutane. Daga 1978 wani likita mai suna Sitibulo ya tsara wata hanya a Tanzaniya: a rubuta sunan kowane majinyaci a littafi, ya haɗiye maganin a gaban wani, a bi shi har ƙarshe. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tarin fuka ya zama bala'in gaggawa, musamman da yake cutar sida ta ƙara masa ƙarfi, ta kuma nemi ƙasashe su bi wannan tsari. Shi ne tushen abin da ake yi a gidajen likitanmu.

Ƙasarmu ma ta sa hannu a wannan tarihi. Akwai tarin da ba ya jin manyan magungunan nan biyu. A da jinyarsa takan kai shekara biyu, kuma da yawa ba sa tashi. Daga 2008 zuwa 2010, ma'aikatan lafiya na Nijar tare da ƙungiyar Damien ta ƙasar Beljiyam suka gwada wani gajeren tsari na shekara guda, irin wanda aka fara a Bangaladash. Mutum 65 suka shiga, 58 suka warke. Irin wannan sakamako, daga Nijar da wasu ƙasashe, yana cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren tsari a 2016.

To, ga rigakafi, ga magani. Me ya sa a 2023 mutum kusan miliyan 11 suka kamu a duniya, fiye da miliyan ɗaya suka mutu? Dalilai suna da yawa, talauci da yunwa na gaba. Amma babba daga ciki shi ne magani ba ya zuwa neman mai tari a gida. Sai wani a gidan ya gane alamar, ya ce a tafi.

Hanyar nan da muka ce babu ita a zamanin Turawa, yanzu akwai ta. Bayan samun mulkin kai a 1960, an kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a 1962, aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Yau yaron Yekuwa yana iya gama firamare ya wuce kwaleji, a koya masa mece ce ƙwayar cuta. Kakansa bai sami wannan ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ɗan kwalejinmu da ƙananan yaran nan masu sayar da tambur. Shi ba ɗan aike ne kawai ba. Shi kansa yana cikin shekarun da cutar ke so.

Ga yadda abin yake. Likitoci sun daɗe da lura cewa tarin fuka yana da lokatai a rayuwar mutum. Jariri da yaro ƙasa da shekara 5 suna cikin haɗari babba. Daga shekara 5 zuwa 10 abin yakan lafa. Yaro yana iya shaƙar ƙwayar, jikinsa ya ɗaure ta, ta kwanta shiru ba ciwo ba tari. Ana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa shaƙarta, kuma mafi yawansu ba za su taɓa yin ciwon ba. Amma da balaga ta zo sai haɗarin ya sake tashi. Kuma tarin saurayi ko budurwa irin na manya ne: yana cin huhu ya yi rami, kaki ya cika da ƙwayoyi. Ƙaramin yaro ba kasafai yake sa wa wani ba. Ɗan shekara 16 kuwa yana iya sa wa ajinsu, da ɗakinsu, da ƙannensa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a 2012 matasa kusan miliyan 1.8, masu shekara 10 zuwa 24, suka kamu a duniya.

Yanzu ka duba zaman matasanmu. Yaron ƙauye da ya ci jarrabawa yakan tafi Magarya ko Dungas, a sauke shi gidan wani. Sau da yawa su huɗu ko biyar ne a ɗaki, abinci kuma ba ya isa. Da hunturu a toshe ƙofa da taga saboda sanyi. A aji kuwa benci ɗaya mutum uku ko huɗu. (Ajin zana yana da mugun haɗarin gobara, mun gani a Yamai da Maraɗi a 2021, amma ta wajen iska ya fi ajin siminti da aka rufe tagoginsa.) Almajiri a zauren malam haka yake kwana, ko fiye. Wanda bai yi makaranta ba, da an gama girbi ya tafi ci-rani Kano ko Legas, ko ya bi masu haƙar zinariya zuwa arewa, kamar yadda aka yi ta tururuwa Jado tun 2014. Ƙurar dutsen da ake fasawa tana ɓata huhu, kuma huhun da ya ɓaci shi tarin ya fi kamawa. In damina ta kusa ya dawo gida da ƴan kuɗinsa da tarinsa. A ce ai ƙurar hanya ce.

Na ƴan mata ya fi ban tausayi. Budurwa tana tari, tana ramewa, ga magana an sa ta aure. Uwa ta ce a yi shiru kada dangin miji su ji, su ce gidan masu fuka ne. A sayo maganin tari a tebur, a jiƙa saiwa, a ce sammu ne ko iska. Wata uku, wata shida. A kai ta ɗakin miji da ciwonta. In ta haihu jiki ya ƙara rauni, cutar ta tashi gaba ɗaya, ga jariri a ƙirjinta yana shaƙar numfashinta dare da rana. Kunyar da aka ji ta wata shida na shan magani ita ta jawo wannan duka. Ni a ganina iyayen miji da suka fasa aure don yarinya ta yi tari ta warke, su ma suna da alhaki a cikin irin wannan ɓoyo.

Me ya kamata ɗan makaranta ya sani, har ya kawo gida? Abin ba shi da yawa. Ta iska ake ɗaukar cutar, in mai ita ya yi tari ko atishawa a wurin da iska ba ta ratsawa. Ba a ɗaukarta ta gaisawa da hannu. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a akushi ɗaya. Ware wa majinyaci ƙwarya da ludayi ba ya tsare kowa, baƙin ciki kawai yake ƙara masa. Buɗe taga ya fi amfani nesa. Akwai dai nau'in da ake samu daga nonon saniya mai ciwo, shi ya sa ake tafasa madara kafin a sha ko a kafa ta.

Duk tarin da ya wuce mako biyu, musamman in da masassarar yamma, da zufar dare, da rama, da ƙin abinci, a tafi gidan likita mafi kusa a nemi gwajin kaki. Kada a jira sai an ga jini. In ba sa gwajin a nan, za su tura ka inda ake yi, kamar asibitin gundumar Magarya ko babban asibitin Damagaram. Ban da madubin likita, tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata na'ura mai suna GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar cikin awa biyu, ta kuma faɗi ko mai taurin kai ce.

In an sami cutar, maganin kyauta ne. Wata biyu na fari iri huɗu ne a haɗe, wata huɗu na baya iri biyu. Fitsari zai yi ja-ja, kada a tsorata, aikin rifampicin ne. In ido ya yi rawaya, ko amai ya yi yawa, ko gani ya ragu, a koma wurin likita nan da nan. Bayan ƴan makonni tari zai ragu, abinci ya fara shiga, saurayi ya ji ƙarfi. Nan ne wurin haɗari. Nan ne abokansa za su ce mota za ta tashi zuwa Kano, shi ma ya ɗauki jakarsa. Ku tuna da majinyatan 1948. In tafiyar ta zama dole, ya gaya wa ma'aikacin lafiya tun da wuri, a ba shi takardar da zai ci gaba da karɓar magani a can. Ƙwayar ba ta san iyakar Nijar da Nijeriya ba, kuma a Nijeriya ma kyauta ake ba da shi.

Ɗalibin da ya kamu ba korarsa ake yi ba. Zai huta a gida na ɗan lokaci, in likita ya ce ya daina yaɗawa ya koma ajinsa yana shan maganinsa. Waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi su ma a duba su. Yaran gidan da ba su kai shekara 5 ba a kai su ko da ba sa tari, don akwai maganin da ake ba su na tare cutar kafin ta tashi.

Saura naka, kai mai karatun dare, da ke mai karatun yamma. Wata rana ɗanka zai ce, "Baba, tarin nan na kawu ya daɗe, ya kamata a gwada shi." Ko ƴarki ta ce, "Inna, a bar taga a buɗe." Da wuya babba ya karɓi gyara daga ɗan cikinsa, mun sani. Za ka ji kamar ka ce yaushe aka haife ka. To, maganar da yaron ya faɗa ta Kok ce da ta likitocin Madaras, hanya ce ta biyo da ita ta bakinsa. Haka nan in shi ne ke tarin yana ɓoyewa don kada abokai su guje shi, ko don kada jarrabawa ta wuce shi, kai za ka kama hannunsa.

Ga kuma inda karatunku zai yi aiki. Kowane majinyaci ana ba shi kati. A jikinsa akwai sunansa, da ranar da ya fara magani, da ranakun komawa. Ana sake gwada kaki a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6. A da sai ka nemi mai karanta maka, kuma wanda ya karanta maka ya san asirin gidanka. Yanzu kai da ɗanka za ku iya zama ku duba katin tare, ku ƙidaya kwanakin, ku sa alama a kowace rana da aka sha.

A zaman ajinku na wannan mako, malaminku zai rubuta maku lambobin nan a allo: 2, 5, 6. Kowa ya kwafe su a littafinsa, ya rubuta abin da kowace take nufi a gefenta. Wanda ke da ɗa ko ƴa a kwaleji ya tambaye su me aka koya masu a kan tarin fuka, ya kawo amsar aji a tattauna.